Idon Tattabara Ya Kumbura: Wanki a Gida, Kafson Kemis, Likitan Dabbobi, Ko Wuƙa?

Ran nan da hantsi, sanyin hunturu bai gama saki ba, ɗan ƙanena ya shigo zaure da tattabararsa a cikin riga. Ya ce, "Baffa, duba min ita, tun jiya idonta ɗaya a rufe." A ɗaya hannun nasa kafso biyu ne ja da yalo, ya sayo a kemis ɗin bakin kasuwa, yana shirin farkewa ya juye a kaskon ruwansu.

Na karɓe ta na juya ta wajen haske. Idon hagu ya cika da kumfa, kwantsa ta manne fatar. Gashin kafaɗarta ta wannan ɓangaren ya dunƙule ya yi danƙo, nan take goga idon. Farin naman nan da ke saman baki, inda ƙofofin hanci suke, wanda in tattabara na da lafiya za ka gan shi fari fat kamar an barbaɗa masa alli, ya dushe ya yi maiƙo. Na matsa gefen hancin a hankali, 'yar majina ta ɓullo. Na buɗe bakin, ciki fes, babu komai. Sai na tambaye shi ko ita kaɗai ce, kuma ko ya kawo baƙuwa kwanan nan. Ya ce akwai biyu da ke atishawa, baƙuwar kuwa ranar Juma'ar da ta wuce ya sayo ta a Wudil. Na ce masa ya mayar da kafson aljihu tukuna.

Shekara da shekaru ina kiwon tattabaru a ƙauyenmu, akwai kuma aku a gidan tun zamanin mahaifinmu. Duk wanda tsuntsunsa ya wayi gari da ido a kumbure, hanyoyi huɗu ne a gabansa. Ko ya ware shi ya yi jinya a gida, ko ya nufi kemis, ko ya nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi, ko ya sa wuƙa. Kowacce akwai ranarta. Abin da ke cin mu shi ne mun saba ɗaukar ta biyu tun kafin mu buɗe bakin tsuntsun mu leƙa.

Abin da ya sa ciwon hanci ke fitowa a ido shi ne yadda Allah ya halicci kan tsuntsu. Akwai wani kogo a ƙarƙashin ido da kewayensa wanda ya haɗe da hanci, hancin kuma ya haɗe da baki ta wata tsaga da ke rufin bakin. In majina ta taru a kogon nan, fuska ce ke kumbura, ido ya rufe, mai shi ya ɗauka ciwon ido ne alhali daga hanci abin ya taso. Sannan mugunyar tsuntsu ba irin tamu ba ce mai ruwa da za ta fashe ta tsiyaye. Daskarewa take yi kamar cuku. In ta kai nan, ko buhun magani aka ba shi ba za ta narke ba, sai an tsaga an ciro ta. Shi ya sa kwanakin farko suke da tsada.

Alama ɗaya, masu kawo ta da yawa. Mafi sauƙi ita ce ƙura da hayaƙi. Hunturu ya cika iska da ƙura, a toshe ɗakin tattabaru ruf saboda sanyi, kashi ya taru yana fitar da warin nan mai yaji da ke sa kai kanka hawaye in ka leƙa. Ko a rataye kejin aku kusa da murhu, ko a ɗakin da ake kunna turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi. Tsuntsu ban da huhu yana da jakunkunan iska a jikinsa, numfashinsa ya fi namu zuƙar abin da ke cikin iska, hayaƙin da kai za ka yi tari ɗaya ka wuce shi yana iya kwantar da shi. Akwai kuma rauni: namiji ya tsatstsagi ɗan'uwansa a faɗan gurbi, ko ƙaiƙayin gero ya shige ƙarƙashin fatar ido. Irin waɗannan galibi ido ɗaya ne, tsuntsu ɗaya ne, yana cin abincinsa, yana tashi.

Da damina kuwa ƙuraje ne. Sauro ke kawo su, kuma 'yan shila suka fi shan wuya, don jikinsu bai rufe da gashi ba. Za ka ga ƙulli kamar tsiro a fatar ido, a gindin baki, a ƙafa, daga baya ya yi baƙin ɓawo. Ƙwayar bairas ce, antibayotik ba ya taɓa ta. In a fata kawai ta tsaya, cikin mako uku zuwa huɗu ɓawon ke bushewa ya faɗi, wanda ya tsallake kuma da wuya ya sake kamuwa. Abin da ke kashe ɗan shila shi ne ƙurjin ya rufe masa ido ko baki ya kasa ci, ko ya shiga maƙogwaro.

In ka buɗe baki ka ga wani abu rawaya-rawaya kamar cuku ya manne a maƙogwaro, wannan wata cuta ce daban, ta wata 'yar mitsitsiyar halitta da iyaye ke zuba wa 'ya'yansu lokacin ɗura, ko ta bi ruwan sha. Maganinta dangin Flagyl ne, ja da yalo ba ya yi mata komai. In kuma wuya ya murɗe, tattabara na kai sara tana kuskuren ƙwaya, kashi ya zama ruwa kore, to wannan dangin cutar Niyukasil ce da ke share kaji da hunturu. Ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta.

Wadda na fi tsoro, kuma wadda na zarga a tattabarar yaron nan, ita ce kalamidiya. Sau da yawa ido ɗaya take fara kamawa, da atishawa da majina da ɗan kurari in ka kara kunne a bayan tsuntsun da dare. Tsuntsu na iya ɗauke da ita wata da watanni lafiya ƙalau a ido, sai wahalar kasuwa ko sanyi ko ƙyanƙyasa ta taso da ita. Tana kama mutum. Busasshen kashi ne ke zama ƙura a shaƙa, bayan kwana biyar zuwa mako biyu a fara zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari, wani har ya kai ga ciwon huhu. A shekarun 1929 da 1930 ta yi ɓarna a Turai da Amurka ta hanyar aku da aka yi fataucinsu, ana kuma kiran ta zazzaɓin aku. A nan kuwa wanda ya kamu maleriya ko taifot za a ce, don ba wanda zai tambaye shi ko yana kiwon tsuntsaye. In ka je asibiti da irin wannan zazzaɓi, kai ka faɗa da bakinka.

To, mu ɗauki hanyoyin.

Jinyar gida ita ce mafi arha, kuma ko wace hanya za ka bi daga baya, da ita ake farawa. Ka cire marar lafiyar ka sa shi a keji ko kwando shi kaɗai, nesa da sauran, inda babu iska mai kaɗawa kuma babu hayaƙi, da kaskon ruwansa daban. Ka tafasa ruwa ya huce. Gwargwadon da ya dace da ido shi ne giram 9 na gishiri a lita ɗaya, wato a rabin lita, cikin ledar fiya wata guda, ƙaramin cokalin shayi a shafe, ya ɗan gaza cika. In kemis na da ruwan gishirin asibiti irin na ƙarin ruwa, ya fi. Ka jiƙa auduga, ka ɗora a idon har kwantsar ta yi laushi, ka share daga ciki zuwa waje, kowane ido da audugarsa, sau biyu ko uku a yini. Haka za ka tausasa abin da ya bushe a ƙofar hanci. Kada ka ɗura masa ruwa a hanci da sirinji, in ya wuce huhu ka gama da shi. Kullum a haɗa sabon ruwa. Ga ƙurajen damina, ka ɗiga aidin a kan ɓawon da ke baki ko ƙafa, ka kiyaye kada ya shiga ido, kada kuma ka ɓantare ɓawon da farce. In ɗan shila ya kasa ci, ka jiƙa dawa ka riƙa sa masa a baki da hannu. Ka sa wa ɗakin raga, ka zubar da ruwan da ke kwance a fasassun tukwane.

Wannan hanya ta wadatar ga ƙura da hayaƙi da ƙaramin rauni da ƙurajen fata. Iyakarta kwana biyu zuwa uku. In a cikinsu idon bai fara buɗewa ba, ko tsuntsun ya daina ci, ya hura gashi ya takure, ko yana numfashi da baki a buɗe jela na rawa, ko wani ya kamu, to an wuce wanki.

Cikin jinyar gida akwai abubuwan da muka gada waɗanda nake roƙon a bari. Na ga an tauna barkono an fesa a idon kaza, na ga an zuba toka, an ɗiga kananzir, an shafa baƙin man inji a ƙurji. Ido fata ce mai laushi ƙwarai, abin da ya ƙone ta ya bar tabo har abada. Ɓawon maɗaci da ake jefawa a ruwan sha ba na faɗa da shi, amma in ya yi ɗaci har marar lafiya ya ƙi sha, ƙishirwa za ta riga cutar kashe shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hanyar kemis ita ta fi ruɗi, don wani lokaci tana aiki. Ja da yalo tetirasayikilin ne, kuma danginsa na taɓa kalamidiya da wasu ƙwayoyin bakteriya masu kawo majina. Mutum ya zuba kwana biyu, ya ga ido ya buɗe, ya daina. Ƙwayar ba ta mutu ba, lafawa ta yi. Bayan wata guda ta dawo, kuma a tsakani ta zaga ɗakin duka. Ga aku mai kalamidiya, likitoci kwana 45 suke ba da doksisayikilin ba fashi. Ka kwatanta wannan da kafso biyu. Kafson ma an yi shi ne don mutum mai nauyin kilo sittin ko fiye, tattabara kuwa da kyar ta kai rabin kilo. In aka juye a kasko, mai lafiya ya sha da yawa, marar lafiya da ake yi dominsa ya ɗan tsoma baki ya koma gefe. Da bazara su sha fiye da kima, da hunturu su sha kaɗan. Ƙari a kan haka, wannan dangin magani na kamuwa da sinadarin kalsiyam da ƙarfe ya rasa ƙarfinsa, don haka in ana ba su ɓawon ƙwai ko garin ƙashi a lokacin, ko ruwan na cikin gwangwani mai tsatsa, rabin kuɗin a banza ya tafi.

Maganin ɗigawa a ido shi ma akwai tarko. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayar wa mutane don jan ido suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su deksametason da betametason. Tsuntsu ba ya jure su, suna karya masa garkuwar jiki, in kuma akwai ƙarzuwa a ƙwayar idon suna iya sa ta huje. Ka sa a karanta maka jikin kwalbar kafin ka biya. Man shafawa na ido na tetirasayikilin zalla ya fi aminci, ɗan kaɗan kamar kan allura, don maiƙonsa na ɓata gashi.

In dole sai ka sayi magani da kanka, shagon magungunan dabbobi ya fi kemis ɗin mutane nesa ba kusa ba. A can akwai garin da aka yi don tsuntsaye, irin su tailosin da doksisayikilin, an rubuta awo a lita, an rubuta yawan kwanaki, an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko ƙwai. Ka duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ka guji ledar da ta sha rana a faranti. Amma ko a nan, ka tuna mai shago bai ga tsuntsunka ba. Ƙuraje, Niyukasil, cukun maƙogwaro, ƙarancin bitamin, fumfuna a huhu, babu ɗaya a cikinsu da wannan gari zai warkar.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi abin da yake da shi wanda ni da kai ba mu da shi shi ne hannu da awo. Zai auna nauyin tsuntsun ya yanka magani daidai da shi, a ba shi a baki ko a allura. Ya san yadda ake wanke kogon hanci ba tare da an shaƙe tsuntsu ba, ya san inda ake tsagawa a ciro daskararriyar mugunya. A asibitin da ke da kayan aiki akwai ruwan kala da ake ɗigawa a ga ko ƙwayar ido ta ƙarzu, akwai madubin da ake duba abin da aka lakato daga maƙogwaro. Matsalarsa a fili take. Kuɗin mota daga ƙauye zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, balle zuwa Dutse ko asibitin dabbobi na Gwale a Kano, ya fi kuɗin tattabarar gida. Kuma yawancin ma'aikatanmu na karkara aikinsu ya fi yawa a kan shanu da awaki da kaji. Duk da haka lissafin ba na tattabara ɗaya ba ne. Mai guda arba'in da uku suka fara atishawa, arba'in ɗin yake kai wa likita. Ana iya rage wahalar: a ɗauki hoton idon da cikin bakin da kashin a tura ta WhatsApp, a tare shi ranar kasuwa, don da wuya a ci Dambatta ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis babu ma'aikacin dabbobi a kusa da kara, ko masu kiwon unguwa su haɗa kuɗin mai ya zo ya zaga gidajen a yini ɗaya. Zuwan nan ne ma damar yi wa kajin gida rigakafin Niyukasil, wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke yi, har da nau'in da ke jure zafi aka yi don kajin karkara, ɗigo ɗaya a ido.

Aku kuwa ban yarda a yi masa gwaji ba ko na kwana ɗaya. Tsuntsu ne mai ɓoye ciwo, ranar da ka ga alama ya daɗe yana fama. Kuma nasa ciwon hancin sau da yawa daga kwanon abinci yake. Mun saba ba shi gyaɗa da gero da dawa, shekara goma abu ɗaya, kuma duk ba su da bitamin A na kirki. In ya rasa shi, fatar cikin hanci da baki ta yi kauri ta bushe, ƙofar hanci ta toshe da wani busasshen dunƙule, fararen ɗigo su fito a rufin baki, kewayen ido ya kumbura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: daga nan ƙwayoyin cuta ke bi. A dazuzzukan kudu inda ya fito, 'ya'yan kwakwar manja na cikin abincinsa. Namu na gida sai da muka sha fama kafin ya karɓi karas da gwanda da kabewa da ganyen zogale, da ɗigon manja a kan abinci. Watanni aka yi, amma hancin da kullum yake a toshe ya buɗe. Sai gyaɗar da ta yi fumfuna. Irin aku mai toka-toka da jar jela na saurin kamuwa da ciwon fumfuna a hanyar numfashi, muryarsa ta canza ko ya daina magana, kuma antibayotik ƙara masa ciwon yake yi. Gyaɗar da ba za ka iya ci ba, kada ka ba shi. Ga aku da tsiriya da kanari, wanki da raba shi da hayaƙi na farko ne kawai, likita ya biyo baya da wuri, ko da ta kai a dangana da asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Saura wuƙa. Ba na ganin laifin wanda ya yanka tattabarar da faɗa ya tsiyayar wa ido, in jikinta lafiya lau kuma ba a ba ta magani ba. Wadda aka ɗura wa antibayotik sai kwanakin da aka rubuta a leda sun cika. Wadda ta rame, take majina, take zawo, fige ta ma haɗari ne ga mai figar, a haƙa rami mai zurfi a binne. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne a kwashe marasa lafiya a kai kasuwa da sassafe kafin ido ya nuna. Haka cutar ke tafiya daga gari zuwa gari a cikin kwando.

Akwai halin da babu zaɓi a cikinsa. In kaji ko zabbi ko talotalo suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kai a kumbure, zanko ya yi baƙi-baƙi, a kira jami'in dabbobi na ƙaramar hukuma nan take, kada a yanka, kada a ci, kada yara su taɓa. Murar tsuntsaye mun san ta: a watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Afirka a wata gona a Jihar Kaduna, ta shigo Kano, ta kuma dawo a farkon 2015. Mutanen da ke kusa da fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen ƙetare ke sauka da hunturu, su suka fi bukatar sa ido. Tattabara ba ta cika kamuwa da ita kamar kaza ba, amma tsakar gida ɗaya suke kiwo, kasko ɗaya suke sha.

Shi ɗan ƙanen nawa, ukun muka ware a ranar, da baƙuwar ta huɗu. Na sa shi ya yayyafa ruwa a ɗakin kafin ya share don kada ƙura ta tashi, ya ɗaura ƙyalle a hanci, na kuma ce kada ƙannensa da mahaifiyarsa, wadda ke da juna biyu, su kusanci wurin. Muka buɗe tagar da ya toshe da buhu. Da yamma na tura hotuna ga ma'aikacin dabbobin da ke zuwa mana, ranar kasuwa ya biyo ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta garin da za a saya da awonsa, ya ce duk ɗakin za a ba, a kaskon roba, a kuma cika kwanakin ko da an ga sauƙi. Yaron ya riƙa jan layi da gawayi a bangon zaure kowace safiya. A mako na biyu ya zo ya ce, "Baffa, ai sun warke, a bar sauran garin mana." Na ce masa ya je ya ƙirga layukan.

Baƙuwar ba ta yi rai ba, sauran sun tashi. Ya nemi waya da katako ya haɗa wani ƙaramin keji a bayan rumbu, nesa da ɗakin, da nasa kaskon. Wadda ya sayo makon jiya tana ciki ita kaɗai, hancinta fari tas, saura mata kwana 23 cikin talatin kafin ta shiga cikin 'yan'uwanta.